Hayaƙin Turare Ne, In Ji Kaka

Duk lokacin da zan zura zare a allura sai na karkata kaina gefe, kamar kaza ta hango shaho. Ni tela ce, shagona yana Yelwa a cikin garin Mubi, kuma duk wadda ta taɓa kawo mini ɗinki ta san wannan karkata kan. Wasu suna zaton yanga ce. Wallahi ba yanga ba ce. A tsakiyar idona na dama akwai wani ɗan tabo toka-toka, duk abin da na kalla kai tsaye sai ya je ya zauna a kansa. In na rufe idon hagu na dubi mutum, ina ganin kunnuwansa da hularsa, amma hancinsa babu. Kusan shekara ashirin ke nan ina yawo da shi. Wadda ta jawo mini shi kuwa ita ce wadda na fi so a duk duniya, kakata Yagana. Na faɗa tun yanzu ne don kada wani ya zaci daɗi zalla zai ji.

Kaka ita ta haifi babana. Daga Borno suka zo Mubi ita da mijinta, ɗan kasuwar busasshen kifi, tun babana yana goye. Mijin ya rasu kafin a haife ni, ita kuma ta ci gaba da sana'arta ta haɗa turaren wuta da humra. Da wuya a kai amarya a unguwarmu ba da ƙanshin hannunta ba. Kullum bayan sallar magariba za ta fito da kaskonta ƙofar ɗaki, ta ɗebo garwashi daga murhun Umma, mahaifiyata, ta zauna gwada turaren da ta haɗa a ranar. Ko ana sanyi ko ana zafin da kare ke neman gindin randa, wannan kaskon sai an kunna shi.

Ƙanshin ne yake kiran mu. Da ya tsallake katanga sai ka ji ƙafafun yara. Akwai 'ya'yan Fulanin da ke bayanmu, akwai na ƙabilar Gude, akwai ƙawata Kwanye, 'yar Kamwe, da gidansu ke jikin namu. Kowa da yaren da yake yi da uwarsa, amma a gaban kaskon Kaka Hausa ake yi, kowa da irin tasa. Ta Kaka ma ta Barebari ce, in ta yi sauri kowa namiji ne a bakinta. Sai ta dube ni ta ce, "Falmata, kai ka matsa ka ba yaro wuri," yara su fashe da dariya, ita ma ta taya su. Wata mata daga ƙauyen Vimtim takan kawo mata gyaɗa ta karɓi turare, to wannan gyaɗar ce Kaka ke turawa cikin toka a gefen kasko, mu yi ta ƙona yatsu wajen tono ta.

Ni ce 'yar gaban goshinta. Ba ta cika kiran sunana ba sai in ta ga ina rashin ji, "ƙawata" take ce mini. Ni ke miƙa mata kwalaben turare, ni ke zura mata zare in za ta ɗinka 'yan jakunkunan da take zuba wa amare kaya a ciki. Don ita ma in ta zo duba ƙaramin abu sai ta karkata kai. Na sha tambayar ta abin da ya sami idonta na dama, amsar kuma ba ta taɓa canzawa ba.

"Hayaƙin turare ne, ƙawata. Shekara nawa ina sunkuye a kan kasko?"

Tana da yadda take buɗe tatsuniya, ba irin na kowa ba. Sai ta ɗauki ɗan turare da yatsu biyu ta jefa cikin garwashi, ta jira hayaƙi ya miƙe, sannan ta ce, "Hayaƙi ya tashi, magana ta biyo shi." Mu kuma mu amsa, "Kunnenmu na nan!" Ta iya tatsuniyoyi ba iyaka, na kura, na 'yan ruwa, na wani ɗan kasuwa da jakinsa ya fi shi wayo. Amma wadda nake roƙo kullum har yara su fara tsaki ita ce ta ranar da aka kama rana.

Wai a wani gari ƙarya ta yi yawa. Mai nono na zuba ruwa ta rantse ba ta zuba ba, mai awo na danne mudu, yara na yi wa iyayensu ƙarya ko ido ba sa ƙiftawa. Rana kuwa tana sama tana ganin komai, har abin ya ishe ta. Wata rana da hantsi sai ta jawo baƙar lafaya, wato irin babban mayafin nan na matan Borno, ta fara rufe fuska a hankali. Gari ya yi sanyi, kaji suka hau kwana, shanu suka juyo gida da kansu. Wani tsoho ya ce ba za ta buɗe ba sai wanda bai taɓa ƙarya ba ya dube ta ido cikin ido ya roƙe ta. Mai gari ya fito ya ɗaga kai, idonsa ya ƙone. Mai awo ya gwada, nasa ma ya ƙone. Sai wata yarinya, Fanna, ta ɗebo ruwa a ƙwarya, ta fara gaishe da rana a cikin ruwan saboda ladabi, sannan ta ɗaga kai ta zuba mata ido. Ba ta kau da kai ba har duhu ya gama rufewa, taurari suka fito da rana tsaka. Nan rana ta ji kunyar yarinyar, ta yaye lafayarta, gari ya waye karo na biyu, idon Fanna kuwa ko ja bai yi ba.

In ta kawo nan sai ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya ta ce, "To, wanda ya san ya yi ƙarya yau, ya kiyayi idonsa." Sai ka ga kowa ya sunkuyar da kai yana wasa da ɓawon gyaɗa. Daga nan ta rufe kasko da murfin kwano ta ce, "Garwashi ya kwanta, bakina ya bi shi."

Abin da ya sa wannan ta fi sauran a wurina shi ne Kaka ta ce ita ta gani da idonta. Tana yarinya, a wani ƙauye can gefen Tafkin Chadi, an taɓa kama rana har duhu ya rufe. In tana ba da wannan, muryarta takan sauka. Ta ce iska ta tsaya cik, tsuntsaye suka yi shiru, rana ta koma baƙin faifai da farin haske zagaye da shi, ga taurari ga mutane suna salati. "Ban taɓa ganin abu mai kyau kamarsa ba, ƙawata, ban kuma taɓa jin tsoro irin na ranar ba." Ni kuwa sai in kwanta ina roƙon Allah ya nuna mini nawa.

Ina aji shida na firamare rediyo ya fara sanarwa cewa za a yi husufin rana, kuma zai ratsa ƙasar nan. Kai, na kusa tashi sama don murna! Malaminmu na kimiyya, Malam Tizhe, ya zana ƙwallaye uku a allo, ya nuna mana yadda wata ke shiga tsakanin rana da duniya. Ya ce inuwar siririya ce, ba ko'ina take faɗawa ba. Cikakken duhu sai can wajen Gusau da Katsina. Mu a Mubi wani ɓangare na rana kawai za a rufe, ba za mu ga duhu ba, ba za mu ga taurari ba. Sannan ya ajiye alli ya tsuke fuska, abin da ba ya yi.

"Ku saurare ni da kyau. Kada wanda ya kalle ta. Ba da ido ba, ba da baƙin tabarau na 'yan acaɓa ba, ba da gilashin fitila da aka shafa wa hayaƙi ba, ba a cikin ruwan kwano ba. Akwai tabarau na musamman, amma bai iso mu ba. Ku sami kwali ku huda da allura, ku ba rana baya, ku kalli hasken da ya faɗo ƙasa. Ko ku duba ƙarƙashin dogon yaro, za ku ga 'yan ƙananan ranaku a ƙasa. Ido ba ya jin zafi lokacin da yake ƙonewa. Sai daga baya za ku sani."

Da yamma na kwashe duk wannan na kai gaban kasko, har da kwaikwayon muryarsa. Kaka ta yi dariya ta ce, "Rana nawa ce a sama? In an kama ta a Katsina, ta Mubi daban ce? Kwali kuma! Rana na jinya ku juya mata ƙeya?" Yara suka yi ta dariya. Umma tana gefe tana tankaɗe, tana da tsohon ciki a lokacin. Mace ce mai kunyar uwar mijinta, ba ta cika sa baki in Kaka na magana ba. Amma ranar ta ajiye rariya ta ce, "Iya, ke da kika taɓa gani, babu illa ga yaran nan? A rediyo ma sun ce a kiyaye."

Har gobe ina ganin wannan lokacin. Kaka ta ɗauki tsinke ta yi ta juya garwashi, ta daɗe tana juyawa. Sannan ta ce, "Ni na kalla, ga ni zaune. Yaran da ba su san ƙarya ba, me zai same su?"

Shi ke nan, magana ta ƙare. Wane ne Malam Tizhe a gaban wadda ta gani da idonta?

Daga ranar muka shiga shiri. Mun yi gardama ba kaɗan ba a kan inda za mu tsaya. Wasu suka ce mu hau dutse, wasu suka ce mu gangara mayo, wato kogi, tunda rani ne yashi ya fito fili babu abin da zai tare mana sama. Aka ce ba za a bar mu mu yi nisa ba, sai muka tsayar da filin bayan gidanmu, wajen rijiya. Na roƙi Kaka ƙwaryarta mai faɗi, na wanke ta tas na kife. Kwanye kam ta ce ita kwalinta za ta huda, babanta ya ce in ta kalli rana zai zane ta. Na ce mata matsoraciya.

Amma babban shirina ba na ƙwarya ba ne. Na ƙudura sai na zama Fanna, don haka na daina ƙarya ɗungurungum, kuma na bi tsofaffin ina gogewa. Na je na gaya wa Umma ni ce na tsame naman miya a ranar da aka ɗora wa mage laifin. Na gaya wa Baba ni na fasa masa gilashin agogo. Da maƙwabciyarmu ta ba ni ɗanɗanon miyarta ta ce ya na ji, na ce babu gishiri kuma ta yi ruwa. Na sha ranƙwashi a makonnin nan fiye da na shekara guda, amma ko a jikina. Kowane dare sai in lissafa a raina, in ga babu saura, in yi barci da murmushi.

Ranar ta zo. Ba mu je makaranta ba. Da hantsi Baba ya tafi masallaci sallar husufi, ya ce kowa ya zauna a ɗaki. Umma ta shige ta ja labule, don an ce mai ciki ba ta fita a irin wannan lokaci. Na ruga ɗakin Kaka in kira ta, sai na tarar ta rufe ƙofa har da sakata. Daga ciki ta ce gwiwarta na ciwo, in je, ita za ta ja carbi. Wadda ta shekara da shekaru tana ba mu labarin abin, yau ga shi ya zo har ƙofar gida, ta kulle kanta. Ban kawo komai a raina ba. Yanzu kam ƙarar sakatar nan ba ta barin kunnena.

Na cika ƙwarya da ruwa na ajiye a fili. Can sai ga rana a cikin ruwan an gutsure mata gefe. Na gaishe ta kamar yadda Fanna ta yi, ina hawaye saboda ƙyallin. Kwanye tana gindin dogon yaro da kwalinta tana ihu, "Falmata, zo ki gani! Ƙasa ta cika da jinjirin wata!" Ko waiwaya ban yi ba. Haske ya fara yin wani iri, ja-ja kamar na la'asar, iska mai sanyi ta taso, wani zakara ya yi cara. Na ce to, lokaci ya yi. Na ɗaga kai, idon hagu ya runtse da kansa, na buɗe na dama na zuba wa rana.

Taurari nake jira. Kaka ta ce Fanna ba ta kau da kai ba sai da suka fito. Rana ta yi siririya kamar yankan kabewa, na ce saura kaɗan. Hawaye suka cika mini ido, na share na koma. Sauran yara suka leƙa sau ɗaya suka gudu, ni na tsaya. Duhu bai zo ba. Ba zai taɓa zuwa ba, Malam ya faɗa, Mubi ba ta cikin hanyar inuwar, amma ni a raina gani nake haƙurina ne bai kai ba. Ina nan har yankan ya fara faɗi, gari ya koma yadda yake, maza suka fara dawowa daga masallaci. Ko ɗigon zafi ban ji ba.

Da farko wani koren abu ne ke bin duk inda na kalla. Na ce zai wuce. Washegari kore ya tafi, toka-toka ya zauna. Na buɗe littafi, harafin da na kalla ya ɓace, na gefensa suna nan.

Ban gaya wa kowa ba. Ina zan iya? Ai duk unguwa ta san waɗanda idonsu ke ƙonewa. In na buɗe baki na ce idona, na ce ni maƙaryaciya ce ke nan, a gaban Kwanye, a gaban Umma, a gaban Kaka. Sai na dinga shiga bayan ɗaki ina kuka a ɓoye, ina tono wace ƙarya ce na manta ban goge ba. Yarinya 'yar shekara goma sha biyu, ina tuhumar kaina kamar ɓarauniya. Abinci ma ya daina shiga.

An fi mako a haka. Wata yamma muna gaban kasko, kafin a fara tatsuniya, Kaka ta miƙo mini allura da zare kamar kullum. Na kai zare, ramin allura ya ɓace. Na sake, ya ɓace. Ban san lokacin da na karkata kai gefe ba, sai ga rami, zare ya shige. Na miƙa mata, ba ta karɓa ba. Ta ƙura mini ido, ita ma kanta a karkace, muna kallon juna kamar mutum da madubi. Sai ta ce wa yara yau babu tatsuniya, kowa ya tafi gida. Da suka watse ta jawo ni kusa.

"Toka-toka ne? Kamar ƙwayar dawa, a tsakiya?"

Na ce e.

"In kin kalli layin tabarma, yana lanƙwasa kafin ya shige cikinsa?"

Na ce, "Kaka, ya aka yi kika sani?"

Turare na ci a kasko, babu mai kula shi. Sannan ta ɗora yatsa a ƙarƙashin idonta na dama ta ce, "Ba hayaƙi ba ne, Falmata."

Ta ba ni labarin a guntu-guntu. Kafin a kama rana a ƙauyensu, ta fasa kwalbar humrar mahaifiyarta, ta ce ƙanenta ne, aka yi masa duka tana kallo. Da ranar ta zo, ta tsaya ta kalla tun ana fara gutsurarta, ta kuma kalla bayan duhu ya yaye. Washegari ta tashi da tabo. Ita ma an ba ta tatsuniyar Fanna tana ƙarama, don haka ta san me ake nufi. Ta rufe bakinta. Ba ta gaya wa uwarta ba, ba ta gaya wa mijinta ba har ya koma ga Allah, ba ta gaya wa ɗanta ba. Kusan shekara hamsin. "Ni na san laifina," in ji ta. "Na ce ke zuciyarki fara ce, ba zai taɓa ki ba. Wallahi haka na zata, ƙawata."

Ban ji tausayinta ba. Ko kaɗan. Na miƙe tsaye.

"Umma ta tambaye ki! A gabana ta tambaye ki! Kika ce ga ki zaune!"

"Ƙawata..."

"Kar ki ƙara ce mini ƙawarki! Kin sani kika kulle ƙofa, ni kika ce in je!"

Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Umma ta fito da gudu da cikinta, ta ji abin da ya faru, ta zauna a ƙasa ta dafe kai. Kaka kuwa tana zaune, hawaye na bin kumatunta, hannunta a miƙe wajena. Na bar shi a miƙe na shige ɗaki.

Baba ya kai ni asibiti a Yola. Likita ya haska idon ya ce rana ce ta ƙona wani wuri can ciki, babu maganin ɗigawa da zai goge shi, sai dai a jira, wataƙila ya ragu. Baba ya tambaye shi ko da mun zo da wuri da an yi wani abu, ya ce da wuya. Ni kuma na tambaye shi abin da ke cina, ko masu ƙarya kaɗai yake kamawa. Ya dube ni ya ce, "Yarinya, ko limamin garinku ne ya kalla haka, sai ya ƙone." Tabon ya ɗan ragu cikin watanni, sannan ya tsaya inda yake har yau.

Baba bai iya ce wa mahaifiyarsa komai ba. Wa zai iya? Umma ta ci gaba da kai mata abinci tana durƙusawa kamar da, sai dai hira ta mutu a tsakaninsu. Ni ma ban daina gaishe ta ba, ina mata wanki, ina share mata ɗaki. Amma ban ƙara zama gaban kaskon nan ba. Tana fito da shi kullum, ƙanshi ya cika gida, in ji ta ce, "Hayaƙi ya tashi," da ɗan ƙarfi yadda zan jiyo daga ɗaki. Ina ji, ba na motsi. Yara suka dinga raguwa har ya zama ita kaɗai ce da garwashinta. Ba ta sake ba da tatsuniyar Fanna ba. Ta rasu ina shekarar ƙarshe a sakandare.

Mutane sukan ce mini, haba Falmata, tsohuwa ce, ba ta je makaranta ba, ina ta san abin da rana ke yi wa ido? Gaskiya ne, ba ta san ilimin Malam Tizhe ba. Amma ta san idonta. Ba ilimi na nema a wurinta ba. Magana ɗaya ce: na kalla, ga abin da ya same ni. Da ta faɗi wannan, ko da wane dalili ta jingina shi, da Umma ta ɗaure ni a ƙafar gado. An aza wa Kaka mutuncinta a hannu ɗaya, idona a ɗaya hannun, ta juya garwashi ta zaɓa. Wannan ne ya ci ni, kuma ba zan yi ƙarya in ce ya daina ba.

Sai da na girma na fara ganin ɗaya gefen. Kafin ta ci amanata, an ci tata. An ɗauki yarinya ƙarama da ta fasa kwalba, aka sa ta yarda cewa sama ta yi mata hukunci, kuma aka toshe mata bakin da za ta nemi taimako da shi. Ni mako ɗaya na ɗauki wannan kayan na kusa zaucewa, ita ta ɗauke shi har furfura. Tatsuniyar da aka ƙirƙira don hana yara ƙarya, ita ce ta koya wa Kaka ƙarya mafi tsawo a rayuwarta, ni ma ta fara koya mini. Ina mata addu'a a kowace sallah. Wata rana in ji na yafe sarai, wata rana in ɓata wa amarya wuyan riga saboda ban ga layi ba, sai abin ya dawo sabo.

Da na haifi 'yata ta fari, Baba ya roƙi a sa mata Yagana. Ban hana ba, aka sa. Yanzu tana firamare, bakinta ba ya hutawa. Kwanan baya ta dawo daga makaranta ta faɗo shago tana haki, wai malamarsu ta ce nan da wasu shekaru za a sake yin husufi, kuma cikakken duhu zai ratsa ƙasar nan. Ba ta san na riga ta sani ba. Na daɗe ina duba taswirar a waya, ina auna ko Mubi na ciki ko sai mun shiga mota. Wannan karon sai na tambayi waɗanda suka sani, in aka ce mu matsa, mu matsa, ba zan tsaya a wurin da duhu ba zai zo ba ina jiran taurari. Tabarau na ainihi zan nema tun da wuri, ba na bakin titi ba, in bai samu ba kwali da allura ai ba su ƙare a shagon tela ba. Ina so in ga abin nan da Kaka ta gani. Da ido ɗaya da rabi ma ina so.

Ina cikin yi mata wannan bayani zaren keken ɗinki ya tsinke. Na sunkuya zan zura, na karkata kai. Sai ta ce, "Mama, wai me ya sa kullum sai kin juya kai haka?"

Wallahi amsar har ta hau harshena, a shirye, da daɗin faɗa. Ɗinki ne, 'yata. Shekara nawa ina sunkuye a kan keke? Na ji ta da muryar Kaka sak. Ashe haka take zuwa, ba wuya, ba zafi.

Na haɗiye ta. Na rufe shago tun kafin magariba. Da muka isa gida na jawo kaskon Kaka daga ƙarƙashin gado, inda ya shekara da shekaru a kife, na kakkaɓe shi na zuba garwashi. Yagana na tsaye tana kallona, don ba ta taɓa ganinsa ba. Na jefa turare, na jira hayaƙi ya miƙe. Sannan na zaunar da ita a gabana, na sa tafin hannu na rufe idona na hagu, na dube ta sosai.

Na ce, "Ina ganin kunnuwanki, ina ganin kitsonki. Hancinki babu. Matso kusa in gaya miki yadda aka yi."